Perilupos: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kalmar Baƙin Cikin Gatsemani

Idan Ista ta ƙarato aka koma karanta labarin daren da aka kama Yesu, tambayoyi iri ɗaya ne suke ta dawowa a azuzuwan nazarin Littafi Mai Tsarki, musamman daga bakin waɗanda su kansu suke cikin rashi. Na tattara su a nan, na fara da masu sauƙi kafin in kai ga masu zurfi.

Wace kalma ce wannan, kuma me take nufi?

Kalmar Girkanci ce, perilupos, ana ɗaga murya a kan gaɓar "ri". Siffa ce da ake yi wa mutumin da baƙin ciki ya kai masa matuƙa. Gaɓa biyu aka haɗa: peri da lupe. Lupe ita ce kalmar yau da kullum ta baƙin ciki ko zafin rai, kuma tana nan da ranta har yau, domin mutumin Girka idan zai ba da haƙuri ko ya jajanta wa wani, da kalma mai wannan tushe yake yi. Peri kuwa ita ce ta ƙara mata nauyi.

An fi sanin kalmar a Matiyu 26:38 da Markus 14:34, inda Yesu, a lambun Gatsemani gab da kama shi, ya ce wa Bitrus da Yakubu da Yahaya: perilupos estin he psuke mu heos tanatu. Da Hausa, kalma bayan kalma: mai tsananin baƙin ciki ne raina, har ga mutuwa.

Sau nawa ta fito a Sabon Alkawari?

Wurare huɗu ne babu gardama a kansu. Biyu na Gatsemani ne da aka ambata a sama. Na uku Markus 6:26, inda Hirudus ya shiga wannan hali da yarinyar da ta yi rawa ta nemi kan Yahaya Maibaftisma. Na huɗu Luka 18:23, attajirin shugaban nan da aka ce ya sayar da dukiyarsa ya raba wa matalauta. Akwai na biyar a aya ta gaba, Luka 18:24, amma wasu daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen hannu ba su da ita a can. Shi ya sa wani malami zai ce huɗu, wani ya ce biyar, kuma kowa da hujjarsa.

Na ji mai wa'azi ya ce ma'anarta "baƙin ciki ya kewaye shi ta ko'ina". Haka ne?

Akwai gaskiya a ciki, amma a yi hattara. Peri ita kaɗai tana nufin kewaye. Sai dai idan aka liƙa ta a gaban siffa, aikinta na yau da kullum ƙarfafawa ne, kamar yadda mu muke cewa fari tas ko baƙi ƙirin. Girkawa suna da perikares, mai tsananin farin ciki, da perifobos, mai tsananin tsoro. Mai jin Girkanci a zamanin manzanni idan ya ji perilupos, abin da zai fara zo masa shi ne tsanani, ba lallai ya ga hoton da'ira a ransa ba.

Mu ma haka muke. Wanda ya ce yana baƙin ciki ba ya tunanin launin tumbinsa. Saboda haka hoton kewayewa ba laifi ba ne a wa'azi, yana ma dacewa da Zabura ta 42 inda marubucin ya ce raƙuman ruwa sun bi ta kansa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce wa jama'a wai wannan ita ce ɓoyayyar ma'anar da masu fassara suka kasa ganowa. Ba su kasa ba.

Wace kalmar Hausa ce ta fi dacewa da ita?

Hausa tana da arziki a wannan fanni, kuma kowace kalma da gurbinta. Alhini da jimami da juyayi sun fi tafiya da rashi ko wani abin da ya riga ya faru. Takaici yana ɗauke da haushin abin da ba ka da ikon gyarawa. Ɓacin rai ya karkata wajen fushi. Zullumi da fargaba suna duban abin da ke tafe. Ƙunci shi ne duniya ta matse mutum ya rasa inda zai sa kansa. A Gatsemani babu ɗaya daga cikinsu da ta ɗauke kayan duka, don haka "matsanancin baƙin ciki" ya fi zama lafiya, ko kuma yadda mutum zai faɗa da bakinsa: baƙin ciki kamar ya kashe ni.

Akwai wani abu a harshenmu da yake taimakawa ƙwarai. Idan aka ce wane yana yi mini baƙin ciki, hassada ake nufi. Kalma ɗaya ta ɗauki zafin rai mai tsabta da kuma zafin rai mai dafi. Perilupos ma an yi amfani da ita ga mutanen da ransu ya yi nisa da juna sosai, kamar yadda za a gani a amsar da ke kan Kayinu da Hirudus.

Da Girkanci Yesu ya yi wannan magana?

Harshen da yake yi da almajiransa Aramiya ne. Markus ma ya bar mana kalma ɗaya ta addu'ar da Yesu ya yi a lambun a harshenta na asali, wato Abba, a 14:36. To, perilupos zaɓin marubutan Bishara ne, kuma ba da ka suka zaɓa ba. Tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu Yahudawan Iskandariya a Masar suka fara juya littattafansu daga Ibrananci zuwa Girkanci, fassarar da ake kira Seftuwajin. Ita ce Littafin da yawancin Kiristocin farko suke karantawa. Wanda ya tashi da ita, da jin perilupos da psuke (rai) a jere zai tuna da wata zabura. Amsa ta gaba tana kanta.

Wace alaƙa ke tsakanin maganar da Zabura ta 42 da ta 43?

Zaburun nan biyu waƙa ɗaya ce a asali, shi ya sa amshi ɗaya ya ratsa su sau uku: 42:5, 42:11 da 43:5. Marubucin yana magana da ransa, yana tambayarsa me ya sa ya karai. Kalmar Ibrananci tana ba da hoton abin da ya sunkuya ya durƙushe. Masu fassarar Seftuwajin suka sa perilupos a wurinta: don me kake perilupos, ya raina? (A lissafin Seftuwajin zaburun su ne na 41 da na 42, kada mai nema ya rikice.)

Mutumin da ke cikin waƙar yana nesa da Haikali. Hawaye sun zama abincinsa dare da rana, maƙiya suna yi masa gori suna tambayarsa ina Allahnsa. Duk da haka kowane amshi yana ƙarewa da umarni ga ran nan nasa: ka sa zuciya ga Allah, zan sāke yabonsa. Yesu ya ɗauki rabin farko na amshin, ya mai da tambaya ta zama shaida. Bai ce don me ba, ya ce haka raina yake. Rabi na biyu bai furta shi ga almajiran ba. Ya matsa gaba kaɗan, ya fāɗi ƙasa, ya yi addu'a. A ganina addu'ar ita ce rabin amshin da ya rage, kuma almajiran da suka san zaburar tun suna yara za su iya ƙarasa ta a zuci.

Me "har ga mutuwa" yake nufi? Yana fatan ya mutu ne?

Masu tafsiri sun bi hanyoyi uku. Wasu sun ce awo ne: baƙin cikin ya kai girman da zai iya kashe mutum. Wasu sun ce lokaci ne: zai daɗe har zuwa sa'ar mutuwarsa. Wasu kuma sun ce baƙin ciki ne mai sa mutum ya gwammace mutuwa, suna dogara da Yunusa 4:9, inda annabin, bayan tsiron da ya yi masa inuwa ya bushe, ya yi amfani da wannan furuci ɗin, heos tanatu, tare da fi'ili mai tushen lupe.

Na fi gamsuwa da na farko. Wanda ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, kamar yadda Yesu ya yi a addu'arsa, ba mai neman mutuwa ba ne. Bahaushe ma idan ya ce yunwa kamar ta kashe ni, girman yunwar yake faɗa. Akwai kuma wata aya a littafin Sirak 37:2, wanda yake cikin Littafin Katolika, da take tambaya ko ba baƙin ciki ne har ga mutuwa ba aboki ya juya ya zama maƙiyi. A daidai lokacin da Yesu yake wannan magana, Yahuza yana kan hanya da taron masu takuba da kulake.

Yaya kalma ɗaya za ta dace da Yesu, ta kuma dace da Kayinu da Hirudus?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, domin a nan ne kalmar take koyar da abin da ƙamus ba zai faɗa ba. Wurin farko da ta fito a Seftuwajin shi ne Farawa 4:6. An karɓi baikon Habila, ba a karɓi na Kayinu ba, sai Allah ya tambaye shi don me ya zama perilupos, don me fuskarsa ta fāɗi. Labarin zuciya a tambayi fuska. A Ibrananci kalmar ta ƙuna ce, ta fushi, amma masu fassara suka ga baƙin ciki a ƙarƙashin fushin. Kayinu bai amsa tambayar ba ko da kalma ɗaya. Ya kai abin da ke cinsa saura, ya sauke a kan ɗan'uwansa.

Hirudus Antibas, wanda ya mulki Galili da Feriya daga shekara ta 4 kafin haihuwar Almasihu zuwa ta 39 bayanta, ba baƙin cikin ƙarya ya yi ba. Markus 6:20 ya ce yana jin tsoron Yahaya, ya san adali ne, yana ma son sauraronsa. Amma ya riga ya yi rantsuwa a gaban manyan fadarsa da hafsoshinsa, kuma kunyar idon jama'a ta fi ƙarfin zafin da ke ransa. Nan take ya aika dogari. Attajirin Luka 18 shi ma da gaske ya zo, yana neman rai madawwami. Da ya ji farashin sai ransa ya rabu biyu. Matiyu da Markus sun ce ya tafi yana baƙin ciki, wato ya ɗauki abinsa ya koma gida da shi.

Ga mutum uku, ga Yesu, ga mai zabura, duk sunan ciwonsu ɗaya. Kalmar ba ta yabon mai ita, ba ta kuma zarginsa, nauyin kawai take aunawa. Inda suka rabu shi ne wurin da kowa ya kai kayansa. Bulus ya yi wannan rarrabewa a 2 Korantiyawa 7:10, inda ya ce akwai lupe irin ta Allah mai kai wa ga tuba, akwai lupe irin ta duniya mai haifar da mutuwa. Kalma ɗaya ya yi amfani da ita ga duka biyun.

Akwai wasu kalmomi biyu a ayar da ta gabata. Me suke nufi?

Matiyu 26:37 ya ce Yesu ya fara baƙin ciki da ademonein. Markus 14:33 ya ce ya fara ektambeistai da ademonein. Ademoneo sau uku kacal ta fito a Sabon Alkawari, na ukun shi ne Filibiyawa 2:26, inda Abafaroditas, abokin aikin Bulus, ya damu ƙwarai don mutanen Filibi sun ji labarin rashin lafiyarsa. Tana nufin damuwar da take hana mutum zama wuri ɗaya, hankali a tashe, ya kai gwauro ya kai mari a cikin zuciyarsa. Za ka ji ana cewa asalinta "nesa da gida" ne. Masana harshen ba su haɗu a kan haka ba, don haka kada a gina wa'azi a kai. Gargaɗin da ke cikin amsar "kewayewa" ya shafi nan ma.

Ektambeomai kuwa Markus kaɗai ne yake amfani da ita, kuma ita ce ya sa ga matan da suka shiga kabari suka tarar da saurayi mai fararen tufafi (16:5). Firgici ne mai haɗe da al'ajabi, irin wanda gaban mutum yake fāɗuwa. Idan aka jera ukun, perilupos tana faɗin nauyi, ademoneo tana faɗin rashin natsuwa, ektambeomai tana faɗin razana.

Me ya sa Luka da Yahaya ba su kawo kalmar a wannan dare ba?

Luka ya san kalmar, tun da ya sa ta ga attajirin. A Dutsen Zaitun kuwa ya ce Yesu ya durƙusa, ya kuma kawo wata kalma, agoniya, a 22:44. Asalinta daga filin kokawa da tsere take, halin da ɗan wasa yake shiga gab da karawa. Nan ne aka ambaci gumi kamar ɗigon jini. Ayoyi 43 da 44 ba sa cikin wasu tsofaffin rubuce-rubuce irin su kundin Batikan, amma malaman Kirista Justin Shahidi da Ireniyas sun san labarin tun ƙarni na 2, abin da ya nuna tsufansa. Lupe ɗin kuma Luka ya ɗora ta a kan almajiran: a 22:45 ya ce baƙin ciki ne ya sa su barci. Duk wanda ya taɓa kwana a gidan makoki ya san irin wannan barci mai nauyi.

Yahaya bai kawo addu'ar lambun ba, amma a 12:27 Yesu ya ce yanzu raina ya dagule. Fi'ilin da ya yi amfani da shi yana nan a Girkancin Zabura 42:6 (41:7 a lissafin Seftuwajin), aya ɗaya bayan amshin. Ashe shi ma rijiya ɗaya ya ɗebo.

Irin wannan baƙin ciki ba alamar raunin bangaskiya ba ne?

Tambayar ta tsufa. Masanan Girka suna ganin babban mutum ba ya bari baƙin ciki ya rinjaye shi. Aristotil ya rubuta cewa mai girman rai ba ya zama perikares idan ya samu, ba ya zama perilupos idan ya rasa. Sitokiyawa, waɗanda Bulus ya yi muhawara da su a Atina, sun lissafa lupe cikin manyan cututtukan rai guda huɗu. Wajen shekara ta 178 wani masani mai suna Kelsus ya rubuta suka a kan Kiristanci, ya yi wa Yesu gori da kukan Gatsemani, kuma malamin Kirista Orijen ya mayar masa da martani wajen shekara ta 248. Marubutan Bishara sun san duniyar da suke rubuta wa, sun san yadda kalmar za ta sauka a kunnen masu ilimi, amma ba su goge ta ba.

Ikilisiya ta riƙe ayar a matsayin hujjar cewa Almasihu mutum ne na gaske mai rai irin namu, a kan masu cewa kamannin mutum kawai ya ɗauka. Babban taron shugabannin Ikilisiya a Kustantiniya na 680 zuwa 681 ya jingina da addu'ar nan, "ba nufina ba, sai naka", wajen tabbatar da cewa yana da nufi na mutuntaka na gaske. Ibraniyawa 5:7 ya faɗa fili cewa ya yi roƙo da kuka mai ƙarfi da hawaye.

A wajenmu ana girmama haƙuri, kuma ya cancanci girma. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma na sha ganin an hana gwauruwa kuka a ranar binne mijinta da sunan bangaskiya, kuma abin yana damuna. 1 Tasalonikawa 4:13 bai ce kada a yi baƙin ciki ba, ya ce kada a yi shi kamar marasa bege. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san Annabi Yakubu, wanda ya yi kyakkyawan haƙuri, kuma a aya ta 86 ta Suratu Yusuf ya ce wurin Allah yake kai ƙarar baƙin cikinsa.

Ina fama da ciwon damuwa. Shi ne perilupos?

Kalmar ba sunan cuta ba ce. Tana bayyana halin da rai ya shiga, ba ta faɗin dalili ko tsawon lokaci. Idan baƙin ciki ya wuce mako biyu yana hana ka barci da abinci da aiki, ko tunanin kashe kai ya fara zuwa maka, ka ga likita ba tare da jinkiri ba, ka kuma gaya wa wani na kusa da kai yau ɗin nan. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne.

Abin da ayar za ta ba ka shi ne izinin faɗa. Yesu bai ɓoye halinsa ga abokansa uku ba, ya kira abin da sunansa, sa'an nan ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. Sun kasa, har sau uku ya tarar da su suna barci, amma roƙon da ya yi daidai ne.

Mene ne bambancinta da sauran kalmomin baƙin ciki a Sabon Alkawari?

Pentos makoki ne da ake gani a waje, kuka da zaman ta'aziyya. Daga tushenta aka ce masu albarka ne masu makoki a Matiyu 5:4. Odune zogi ne mai suka, Bulus ya haɗa ta da lupe a Romawa 9:2 kan 'yan'uwansa Yahudawa. Tilipsis matsi ne daga waje, tsanani da wahala. Lupe ita ce ta cikin gida, wadda take iya kasancewa ko babu mai gani. A Yahaya 16:21 an kwatanta ta da naƙuda, wadda uwa take mantawa da ita idan an haifi ɗa.

Ban iya Girkanci ba. Yaya zan bi sawun kalmar da kaina?

A shekara ta 1890 James Strong ya ba kowace kalmar asali ta Littafi Mai Tsarki lamba, kuma akwai manhajojin Littafi na waya da suke amfani da lambobin. Perilupos ita ce G4036, lupe G3077, ademoneo G85. Ka sa lambar a wurin bincike, duk ayoyin za su fito. Lambobin Girkanci na Sabon Alkawari ne kawai, don haka Farawa 4:6 da zaburun ba za su bayyana ba sai a manhajar da take ɗauke da Seftuwajin. Idan ayoyin sun fito, ka karanta kowace da surarta gaba ɗaya, ka fara da Zabura ta 42 da ta 43 a zama ɗaya, sa'an nan ka buɗe Markus 14 daga aya ta 32.